Tun Rasuwar Yayansa Muke Rigima a Kan Tsire da Sigari

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 34, aurenmu shekara 11, 'ya'yanmu uku. Wata biyar ke nan da wan maigidana ya rasu, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, yana da shekara 45. Ciwon daji ne na hanta. Mutum ne ƙaƙƙarfa, ko zazzaɓi bai cika yi ba, sai kawai ya fara ramewa, idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura, cikin wata huɗu aka kai shi makwancinsa. Likita ya ce wai ƙwayar ciwon hanta ta daɗe a jikinsa bai sani ba. Hajiya, surukata, ita kuwa ta tsaya kai da fata a kan jifa ne daga abokan kasuwa.

Tun daga lokacin barci ya ƙaurace wa idona. Maigidana yana shan sigari tun kafin aurenmu, wani lokaci har da shisha idan sun haɗu da abokai. Kullum dare sai ya shigo da tsire ko balangu, ga shayi mai sukari, ga tumbi ya fito. Na shiga waya ina karance-karance, duk abin da na ga an ce yana kawo ciwon daji sai in hana shi a gidana. Na daina sa magi a miya, na zubar da robobin abinci, rannan har tsiren da ya shigo da shi na ba almajirai. Ranar ya yi fushin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce na mai da shi gawa tun yana raye, ya ce Yaya da ko karan sigari bai taɓa sa wa a baki ba yana ina yanzu, kowa da ajalinsa. Yanzu a waje yake cin abincin dare. Ina tsoron in rasa shi, ina kuma tsoron in kashe aurena da hannuna. Yaya zan yi?

Maman yara uku, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa jinyar da ya sha ta zame masa kaffara, ya raya abin da ya bari. Ku kuma Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Babu wanda zai ga laifin tsoronki. Kin ga ƙaton mutum ya narke a gaban idonki cikin wata huɗu, sannan kin waiga kin ga ƙanensa, uban 'ya'yanki, da sigari a hannu. So ne ya sa kika ba almajirai tsiren nan, na sani. Amma tunda shawara kika nema, ba zan ɓoye miki ba: ƙarfinki ya tafi inda ba nan hatsarin yake ba. Kina ta toshe ramukan ɓera a kicin, ƙofar gida kuwa a buɗe take. Abin da ya fi komai muhimmanci a wasiƙarki kin faɗe shi a layi ɗaya kika wuce, wato maganar likita cewa ƙwayar ciwon hanta ta daɗe a jikin Yaya. Da na zo wurin sai da na dakata.

Maigidanki ya yi tambaya cikin fushi, amma tambaya ce mai kyau: me ya kashe mutumin da bai taɓa shan taba ba? Tana da amsa. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, babban abin da ke jawo ciwon daji na hanta shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Akwai nau'in C ma, amma B ya fi yawa nesa ba kusa ba. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cewa kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, akasarinsu kuma ba su sani ba. Ƙwayar takan zauna shekara talatin ko arba'in tana cin hanta a hankali, mutum yana kasuwarsa, yana azuminsa, babu ciwon kai babu zazzaɓi. Ranar da ido ya yi rawaya ciki ya kumbura, sau da yawa aiki ya riga ya yi nisa. Shi ya sa ake ganin kamar an jefi mutum ne dare ɗaya.

Abin da ya sa nake son ki ba wannan magana muhimmanci shi ne yadda ake ɗaukar ƙwayar. A wajenmu yawanci tun ƙuruciya ake samunta: ko daga uwa a lokacin haihuwa, ko tsakanin yaran gida ɗaya ta hanyar jini da ƙuraje, ko ta askar wanzami guda da aka yi wa yara da yawa aski, cire belu, kaciya ko ƙaho da ita. Jaririn da ya ɗauka a lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 takan zauna a jikinsu har girma, alhali babban da ya ɗauka da girmansa yawanci jikinsa yakan kore ta. Allurar rigakafin wannan ciwo ba ta shiga cikin rigakafin jarirai a Najeriya ba sai 2004. Maigidanki da Yaya ciki ɗaya suka fito, gida ɗaya suka tashi, wataƙila wanzami ɗaya ya yi musu komai, kuma an haife su tun kafin allurar ta zo. Ban ce yana da ita ba. Na ce dole a duba, kuma wannan dubawar ta fi duk abin da kika hana a gidanki amfani.

Gwajin jini ne, sunansa HBsAg, ki rubuta shi a takarda yadda na rubuta. Ana yin sa a asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da ku, da manyan asibitocin gwamnati, da ɗakunan gwaji masu rajista. Kuɗinsa bai kai na tsiren mako guda ba. A haɗa da gwajin nau'in C a lokaci ɗaya, shi wannan ma yanzu yana da maganin da ke warkar da shi cikin wata uku. Idan sakamako ya nuna babu, alhamdu lillahi, sai a yi allurar rigakafi sau uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, an rufe wannan ƙofa. Idan kuwa ya nuna akwai, kada hankalinki ya tashi ki ce ta ƙare. Likitan hanta zai auna yawan ƙwayar da lafiyar hantar, ya ga ko lokacin fara magani ya yi. Akwai ƙwayar magani irin su tenofovir da ake sha ɗaya a rana, tana danne cutar, tana rage hatsarin hanta ta lalace ko ta rikiɗe ta zama daji. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar fara wannan magani, ta sa waɗanda aka taɓa samun ciwon daji na hanta a danginsu cikin waɗanda ake fara ba su, saboda haka lallai a gaya wa likita labarin Yaya. Sannan duk wata shida a riƙa ɗaukar hoton hanta, don in wani abu ya tsiro a kama shi yana ƙarami, lokacin da ake iya yi masa aiki. Wannan ita ce damar da Yaya bai samu ba.

To, yaya za a kai mutumin da yanzu ko tuwonki ba ya ci zuwa wurin gwaji? Nan ne sai kin dubi halin da yake ciki. Ke kin rasa wan miji. Shi ya rasa wanda suka yi wasan ƙasa tare, wataƙila shi ya yi jinyarsa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Mazanmu an hore su kada su yi kuka a gaban mace, sai baƙin cikin ya fito ta hanyar fushi, ko yawan zaman majalisa, ko ƙarin sigari. Kuma ina kyautata zaton tsoron da ke hana ki barci shi ma yana cin sa, har ya fi naki, domin jikinsa ne ake magana. Duk ranar da kika ɗauke wani abu daga gabansa, abin da yake ji shi ne ana ce masa kai ne na gaba. Maganar da ya faɗa, cewa kin mai da shi gawa tun yana raye, ba zagi ba ne. Ya gaya miki inda ke masa ciwo.

Saboda haka ki fara da gyara abin da ya ɓaci. Ki mayar da miyarki yadda ya san ta. Ki samu lokacin da yara suka yi barci, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, ki ba shi haƙuri a kan tsiren, haƙuri na gaskiya, ba wanda za a biyo shi da "amma" ba. Ki ce masa, "Baban yara, tsoro ne ya ruɗa ni, ban iya nuna shi ba." A wannan dare kada ki ambaci asibiti ko sigari. Ki tambaye shi labarin Yaya na ƙuruciya, ki bar shi ya yi magana in zai yi. Bayan kwana biyu ke ki nemi izininsa ki je ki yi gwajin da kanki, domin ke ma kina buƙatarsa, ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar kwanciyar aure. Ki dawo da takardarki ki nuna masa. Ki ɗauko katin rigakafin yara ku duba tare ko kowannensu ya samu allurarsa cikakkiya. Daga nan sai ki roƙe shi abu ɗaya tak: "Na bar maka tsirenka, na bar maka shayinka, wannan gwajin kaɗai nake roƙo, don yaran nan." Namiji ya fi saurin amsa roƙo guda ɗaya bayyananne a kan dokoki goma.

Idan ya sake kawo maganar ajali, kada ki yi musu da shi, gaskiya ya faɗa, babu mai wuce ranarsa. Sai dai ki tuna masa da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mutumin da yake kulle shagonsa da kwaɗo kullum yamma ya riga ya yarda da riƙo da sababi, saura kawai ya yi wa jikinsa abin da yake yi wa kayansa.

Hajiya kuma sai an bi ta da lallami sosai. Uwa ce da ta binne ɗanta, maganar jifa ita ce ta ba ta abin riƙewa. Ba aikinki ba ne ki ƙaryata ta, kuma ina roƙonki kada maganar "daga uwa ake ɗauka" ta fito daga bakinki a gidan nan. Babu wanda ya san ta inda Yaya ya samu, kuma ko da ta nan ne, babu laifin macen da ta haihu a zamanin da ba gwaji ba allura. In kika faɗa, za a ce kin ɗora mata mutuwar ɗanta, ba kuwa za a manta ba. Ki bar maigidanki, ko wata 'yar uwarsu mai ilimi, su ce likita ya ba da shawara duk dangi a duba jini. Ta ci gaba da addu'o'inta, ba su hana gwaji ba. Kada kuma a manta da matar Yaya da marayunsa, su ne ma suka fi kowa buƙatar a duba su. A kuma sanar da kowa cewa ba a ɗaukar wannan ciwo ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko gaisawa, don kada a wayi gari ana ƙyamar wani. Abin kiyayewa shi ne reza, aska, abin yanke farce da buroshin haƙori, kowa da nasa. Ƙwayar tana iya yin mako guda da ranta a kan ƙarfe. Ki saya wa maigida da yaran kilifar aski tasu ta gida, su riƙa tafiya da ita wurin mai aski.

Sai sigari. A nan ba zan ce ki sassauta a zuciyarki ba, don ita ce abu na biyu mafi girma, ko da gwaji ya fito lafiya lau. Hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma ba huhu kaɗai suke taɓawa ba: baki, maƙogwaro, mafitsara, ƙoda, hanji, har da ita hantar. Shisha ba ta fi ta sauƙi ba. Ruwan tulun yana sanyaya hayaƙin ne kawai, ba ya tace gubar, ga hayaƙin gawayi a kai, ga zaman yakan ɗauki awa guda ana zuƙa. Amma hanyar da za ki bi ba ta ɓoye kwali ko jiƙa shi da ruwa ba ce. Wanda ya shekara fiye da goma yana sha jikinsa ya kamu, ba taurin kai ba ne kawai. Abin da kike da haƙƙin tsayawa a kai yanzu shi ne kada a sha a cikin ɗaki, ko a mota, ko kusa da yara, domin hayaƙin yana cutar da wanda bai sha ba. Wannan ki faɗe shi da ladabi, amma kada ki janye.

Bari kuwa sai ya fito daga ransa. Ranar da ya nuna alamar so, ki taimaka masa ya sa rana takamaimai. Mutane da yawa sun yi amfani da watan azumi, tunda wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ya riga ya yi rabin aikin, abin da ya rage shi ne ta bayan buɗa baki. Ki sani kwanakin farko za su yi wuya, zai yi saurin fushi, barci zai gagara, kai zai yi ciwo. Makon farko ne mafi tsanani, cikin wata guda yawanci abin yakan lafa. Sha'awar takan taso ta yi 'yan mintoci ta wuce, asuwaki a baki ko fita zagaye yakan taimaka a lokacin. Akwai cingam na musamman da likita ko mai ilimin harhaɗa magani zai iya ba shi. In ya bari ya koma, kada ki ce ai na sani. Yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada sau da yawa. Kuma ribar tana da girma: bayan kamar shekara 10 da bari, hatsarin ciwon daji na huhu yakan ragu da kusan rabi.

A kicin ɗinki akwai abin da ya cancanci idonki, amma ba magi ba ne. Magi gishirinsa ne abin lura saboda hawan jini, ki rage hannu kawai. Gyaɗa da masara su ne abin dubawa. Idan ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, wata fumfuna takan kama su ta bar guba mai suna afalatokzin, wadda aka tabbatar tana jawo ciwon daji na hanta. Dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Idan ta haɗu da ƙwayar nau'in B a jiki ɗaya, hatsarin yakan ninka sau da yawa. Don haka in kin sayo gyaɗa ki baza ta a faranti ki tsince: duk wadda ta motse, ta sauya launi, ta fashe, ko ta yi ɗaci a baki, a zubar, kada a ba kaji ma. Masarar da ke warin ruɓa kada a kai ta inji. Buhu a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, musamman da damina. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ki saya wurin matar da kika san tana tsince gyaɗarta, ko ki yi naki, domin sau da yawa gyaɗar da aka ware mai araha can take ƙarewa. Yajin tsire ma da ƙuli ake haɗa shi. Ki daka naki mai daɗi ki ajiye masa, wannan gyara ne da ba zai jawo faɗa ba.

Shi kansa tsiren, a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta bayyana cewa naman da aka sarrafa don ajiya yana jawo ciwon daji na hanji, jan nama kuma mai yiwuwa ne yana jawowa, musamman in an yawaita. Wurin da ya ƙone ya yi baƙi a wuta ya fi illa. Amma hatsarinsa bai kama ƙafar na sigari ba. Kullum ya yi yawa, sau ɗaya ko biyu a mako ba abin tashin hankali ba ne. In kika yi farfesun kifi, ko kwaɗon zogale, ko alale mai kyau, da kansa zai rage. Shayi a bar shi ya ɗan huce kafin a kurɓa, don mai tsananin zafi yana ƙona maƙoshi, a kuma rage sukari a hankali, cokali-cokali. Tumbi yana tara kitse a hanta, tafiyar rabin awa a ƙafa kwana biyar a mako tana taimakawa, ko da zuwa masallaci mai ɗan nisa ne. Abin da zan ƙara ja miki kunne a kai shi ne jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tasha da kasuwa da sunan wankin hanta ko maganin basir. Idan gwaji ya nuna akwai ƙwayar, za ki ga masu kawo galan-galan sun yi layi. Wasu daga cikinsu hantar suke ƙara wahalarwa, kada ya sha komai sai likitansa ya sani.

Ke ma ki duba kanki, ƙanwata. Ajiye wayar nan da dare, da yawa daga abin da ake turawa a WhatsApp a kan ciwon daji ba shi da tushe. Ranar da kika je gwajin jini ki nemi a duba miki bakin mahaifa, a kuma koya miki duba mama da hannunki. In kina da 'ya mace da ta kai shekara 9, akwai allurar rigakafin ciwon daji na bakin mahaifa da aka fara yi kyauta a Najeriya tun Oktoban 2023. In kuma rashin barcin ya ƙi wucewa, ki gaya wa likita, shi ma abin dubawa ne.

Idan kin yi duk wannan, wata guda ya wuce bai je ba, kada ki koma faɗa. Ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawunsa, ko amininsa, ko limamin unguwarku, ki yi masa bayani a asirce, ki roƙe shi ya ce su je tare a duba su duka biyu. Abin da namiji ya ƙi ji daga matarsa sau da yawa yakan karɓe shi daga aboki a kan benci. Ranar 28 ga Yuli kowace shekara ita ce ranar ciwon hanta ta duniya, asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi gwaji kyauta ko da rangwame, wannan ma hanya ce in abokai za su tafi a ƙungiyance. Amma in kika ga idonsa ya sauya launi, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko yana ramewa ba dalili, ko yana ƙorafin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to ba a jiran lallashi, a kira 'yan uwansa maza a tafi asibiti a ranar. Ki rubuto mini bayan kin karɓi sakamakonki, mu ga abin da ya kamata a yi game da yaran da matar Yaya.